'Yata na son zama likitar cututtuka masu yaɗuwa, in bar ta?

"Assalamu alaikum Likita. 'Yar wajena tana aji biyar a makarantar koyon likitanci. Da ta zo hutu take shaida mana cewa idan ta gama, so take ta ƙware a fannin cututtuka masu yaɗuwa. Har ta ba mu labarin wani likita ɗan ƙasar Saliyo, Sheik Umar Khan, wai shi ne gwaninta. Da na tambaye ta ina yake yanzu, sai ta ce ai Ebola ta kashe shi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mahaifinta ya ce a ƙyale ta, ni kuwa na fi son ta yi fannin ido ko na yara. Don Allah wane ne wannan mutumin, mene ne ainihin aikin, shekara nawa ake yi, kuma ba halaka za mu tura ta ba idan muka amince?" Daga wata uwa a Gusau.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa 'yar tamu albarka, ya sa ta gama lafiya. Idan na fahimce ki, abin da ya hana ki barci shi ne ko wanda ya zaɓi wannan fanni ya fi sauran likitoci kusa da mutuwa. Haɗari akwai shi, ba zan yi miki rufa-rufa ba. Amma a iya abin da na gani a aiki, likitan da ya san da annoba yake mu'amala ya fi tsira a kan wanda ta zo masa a ɓoye cikin layin marasa lafiya. Bari in fara da mutumin da ta ambata, tunda labarinsa ne ya tayar miki da hankali.

Wane ne Dakta Khan

An haifi Sheik Umar Khan a 1975, shi ne auta a gida mai 'ya'ya goma. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Saliyo da ke Freetown, ya gama a 2001, daidai lokacin da yaƙin basasar ƙasar, wanda aka fara a 1991, ke shirin ƙarewa. Yaƙin ya rusa asibitoci, ya kori ma'aikata, har ta kai shekara goma bayan an ajiye makamai likitocin ƙasar gaba ɗaya ba su kai 200 ba, ga al'umma wajen miliyan 6.

A gabashin ƙasar akwai garin Kenema, kuma a asibitin gwamnati na garin akwai ɗakin da aka keɓe domin masu zazzaɓin Lassa. Wannan zazzaɓi ba baƙonmu ba ne, sunan garin Lassa na jihar Borno ya ɗauka, inda aka fara gano shi a 1969, amma yankin Kenema na cikin wuraren da ya fi yin ɓarna a duniya. Wanda ya daɗe yana riƙe da ɗakin shi ne Dakta Aniru Conteh. A 2004 yana ɗibar jinin wata maras lafiya allurar ta soke shi, bai yi wata guda ba ya rasu. Kujerar da mai ita ya bari ta wannan hanya ba a rububinta. Khan ne ya karɓa a 2005, yana ɗan shekara 30.

Abin da ya yi a shekarun da suka biyo baya ba a cika ba da labarinsa ba, alhali shi ne aikin. Ya haɗa kai da masana daga jami'o'in Tulane da Harvard na Amurka, aka inganta ɗakin gwaje-gwaje na Kenema yadda za a tabbatar da Lassa a nan gida, ba sai an tura jini ƙetare an zauna jira ba. Ya je asibitin koyarwa na Korle Bu a Accra ya yi horon ƙwarewa a fannin cututtukan manya, ya gama ya tattara ya koma Kenema, duk da cewa mai irin takardunsa ba ya rasa wurin zuwa. Shekara tara ke nan yana jan ragamar yaƙi da cutar da ta kashe magabacinsa, kuma tsarin da suka shimfiɗa yana riƙe da su.

A ƙarshen watan Mayun 2014 ɗakin gwajin nan nasu ya tabbatar da Ebola ta farko a Saliyo. Da yake su kaɗai ke da wurin killace masu irin wannan cuta, sai aka yi ta kwararo musu marasa lafiya daga ko'ina. Khan ba mai ganganci ba ne. Ya faɗa wa 'yan jarida ƙarara cewa yana jin tsoro, domin yana son ransa. Ya kafa madubi da yake kira ɗan sandansa, kafin ya shiga ɗaki sai ya tsaya gabansa ya duba ko akwai inda rigar kariya ta yage. Waɗanda suka warke kuwa yakan rungume su a bainar jama'a ranar sallama, don danginsu su gani su daina gudun su. Ya kula da masu Ebola sama da 100.

Sai dai ɗakin da aka gina don mutane kaɗan ya cika ya batse. Nas-nas suka fara kamuwa suna mutuwa, wasu suka tsorata suka daina zuwa, waɗanda suka rage suka koma yin aikin mutum uku uku. Shugabar nas-nas ɗin, Mbalu Fonnie, wadda ta shafe fiye da shekara 20 a kan Lassa, ta rasu a watan Yuli. A kwanakin ne gwaji ya nuna Khan shi ma ya kamu. Aka kai shi cibiyar ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF a Kailahun, ya rasu ranar 29 ga Yulin 2014 yana da shekara 39.

Akwai wani ɓangare na labarin da har yau likitoci ke muhawara a kai. A cibiyar da yake kwance akwai wani sabon magani, ZMapp, da ba a taɓa gwada shi a jikin ɗan'adam ba. Masu kula da shi suka yi shawara suka yanke kada a ba shi, suna tsoron idan ya mutu za a ce Turawa sun yi gwaji a kan gwarzon ƙasa sun kashe shi. Bayan haka aka kai maganin Laberiya aka bai wa wasu Amurkawa biyu, suka tashi. Ko da an ba shi ba lallai ya tashi ba, domin babban gwajin da aka yi a Kongo daga 2018 zuwa 2019 ya nuna wasu magunguna biyu sun fi ZMapp aiki. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a tambaye shi ba. Mutumin da ya fi kowa a wurin sanin cutar, ya kamata a ce an ji ta bakinsa. Wata guda bayan rasuwarsa mujallar Science ta buga binciken da ya bi sawun ƙwayar cutar daga jinin marasa lafiyar Kenema, da sunansa a ciki, kuma biyar daga cikin marubutan Ebola ta kashe su kafin a buga.

Waɗanda annoba ta fi kamawa

Ki lura da inda abin ya lalace. Ranar da marasa lafiya suka ninka gadaje, ma'aikata suka ragu, barci ya ƙaurace, ranar kariya ta fara zuba. Na sa irin rigar nan a zafin bazararmu, na san yadda take. Kafin a yi nisa zufa ta taru a cikin takalmin roba, tabarau ya yi hazo, numfashi ya yi nauyi, da ƙyar mutum ke wuce awa guda a ciki. Wurin cirewa kuma shi ne mafi haɗari, domin duk bayan rigar ya gurɓata. Shi ya sa ake tsayar da mutum guda wanda ba shi da aiki sai kallonka, yana fesa ruwan kulorin yana kiran mataki ɗaya bayan ɗaya: wanke hannu, cire safar sama, wanke hannu, kwance gaban riga, kada ka taɓa fuska. Idan mai kallon nan ya mutu ko ya gudu, kai kuma ka kwana biyu ba ka runtsa ba, hannu zai kai ido ba da saninka ba. A annobar Afirka ta Yamma ma'aikatan lafiya sama da 500 ne suka rasu, kuma da yawansu ba a cibiyoyin Ebola suka kamu ba, a asibitocin yau da kullum ne inda babu kayan kariya.

Mu dawo gida. Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da Ebola Najeriya daga Laberiya, fita daga asibiti a Legas a watan Yulin 2014, ta kuma rasu ranar 19 ga Agusta, ƙwararriya ce a kan ciwon suga da makamantansa. Mutumin an kawo shi ne ana zaton zazzaɓin cizon sauro ke damunsa. A farkon 2020 a Kano an rasa likitoci biyu sanadin Lassa, bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata ba tare da an san tana ɗauke da cutar ba. A 1970 a Jos, Dakta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa, Lassa ta kashe ta. Fannin ido da kike so kuwa, Li Wenliang, likitan birnin Wuhan da ya yi gargaɗin korona tun farko ya kuma rasu a Fabrairun 2020, likitan ido ne, mai kusantar da fuskarsa ga ta maras lafiya duk yini. Likitan yara a Arewa shi ne na farko da ke karɓar ƙyanda da sanƙarau da amai da gudawa, kuma tun da mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ɗakunan yara ne suka ɗauki nauyin.

Ban ce 'yan fanninmu ba sa mutuwa ba. Conteh ya mutu, Khan ya mutu, Carlo Urbani ɗan Italiya da ya fara ankarar da duniya game da cutar SARS a Biyetnam shi ma ita ta kashe shi a 2003. Bambancin shi ne mu an koya mana mu yi zargi tun daga ƙofa, an koya mana sa kaya da cire su har ya zama jiki, kuma idan kaya suka iso mu ake fara bai wa.

Sannan akwai abin da iyaye ba sa tambaya, alhali shi ya fi yawa. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan allurar da aka soka wa mai cutar ƙanjamau ta soki ma'aikaci, yiwuwar ya kamu kusan 3 ce cikin 1,000, kuma akwai maganin kariya da ake fara sha cikin awa 72 a yi kwana 28 ana sha. Idan kuwa jinin mai ciwon hanta nau'in B ne, yiwuwar na iya kai wa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Ga tarin fuka da ke yawo a iskar ɗakunan da ba su da isassun tagogi. Waɗannan suna jiran kowane likita, har da ɗalibar aji biyar da ke ɗibar jini a yau ɗin nan.

Abin da muke yi a ranar da babu annoba

Mafi yawan ranakunmu babu rigar kariya babu 'yan jarida. Aikin tunani ne da tambaya. Bari in kwatanta miki da wani bawan Allah da aka taɓa turo mini, ɗan kasuwa mai matsakaicin shekaru, ya yi watanni yana zazzaɓi. Duk inda ya je sai a ce taifot da maleriya. Ya zo da baƙar leda cike da kwalayen magani, na ce ya juye a kan tebur. Ga kafso kala-kala daga kemis, ga kwalaben allura da aka yi masa a gida, ga takardun gwajin Widal, kowacce an ja layi da jan biro. Na ajiye su gefe na fara tambaya. Yaushe zazzaɓin ke zuwa? Da yamma. Kana jiƙa shimfiɗa da zufa da dare? Ƙwarai. Wandon nan naka ne? Ya yi dariya ya nuna inda ya ƙara huda bel. Wa ke tari a gida ko a shago? Sai matarsa, wadda ba ta ce uffan ba tun shigowarsu, ta ce ai yaron shagonsa ya daɗe yana tari har ya koma ƙauye. Na laluba wuyansa na ji ƙulli a saman ƙashin wuya. Da aka ɗebo daga ƙullin aka sa a na'urar GeneXpert, tarin fuka ne, wanda ya zauna a kaluluwa bai sa shi tari ba. Magani wata 6, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kuɗin da ya kashe a kan ledar nan ya fi ƙarfin a faɗa.

Gwajin Widal ɗin nan yana cikin abubuwan da suka fi ba mu wahala. Ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, kuma a inda taifot ta zama ruwan dare mutum mai lafiya ƙalau ma yakan nuna alama. Abin da ya dace shi ne a shuka jini a ɗakin gwaji a ga ƙwayar da za ta tsiro da kuma maganin da ke kashe ta. Wannan yana ɗaukar kwanaki, yana cin kuɗi, kuma idan an riga an sha kafso ƙwayar ba ta cika fitowa ba. Saboda haka rabin aikin likitan fanninmu hana magani ne. Likitan tiyata zai kira ka, ɗinki ya ƙi warkewa yana ta ruwa, an canza allura kala uku. Ɗakin jarirai za su kira ka, ƙwayar da ta tsiro ta ƙi jin duk abin da ke kantin asibiti. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wannan annoba ba ta shiga labaran rediyo, amma ita 'yarki za ta fi gani.

Sai asibitin masu cutar ƙanjamau, inda likita ke zama kamar ɗan gida. Wanda ya riƙe ƙwaya ɗaya a rana yana tsufa kamar kowa, mace tana haihuwar ɗa lafiyayye, kuma sau da yawa kai kaɗai ka san sirrin da ko uwar mutum ba ta sani ba. Fannin yana da faɗi fiye da yadda ake zato. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, ɗaya daga manyan wannan fanni a ƙasar nan, duniya ta fi saninsa da bincike a kan saran maciji, musamman kububuwa da ke addabar manoman yankin Kaltungo.

Akwai kuma nauyin da likitan Arewa ya gada, wato rashin yarda. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙin allurar shan inna a 2003, labarin nan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin cutar. Don haka wanda bai iya zama gaban liman da mai unguwa ba, bai iya yi wa dangi bayanin abin da ya sa ba za a ba su gawar mahaifinsu su yi mata wanka yadda aka saba ba, ya kuma nemo hanyar da za a yi sutura da sallah cikin mutunci ba tare da wani ya kamu ba, iliminsa bai cika ba. Mace Bahaushiya da ta san shiga gida, ta san yadda ake magana da uwar miji, tana da abin da ƙwararre daga Geneva ba shi da shi. Ana kuma ganin amfanin aikin: tun da aka kawo rigakafin MenAfriVac yankinmu daga 2010, sanƙarau nau'in A da ke yi mana kisan kiyashi kusan ya ɓace, ko da yake ku a Zamfara kun ga yadda nau'in C ya yi a 2017. A 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabon rigakafin da ya haɗa nau'i biyar.

Hanyar da tsawonta

Karatun farko shekara 6 ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, sai shekarar hidimar ƙasa. Daga nan ta ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga kwalejojin ƙwarewa biyu, ta ƙasa da ke Legas ko ta likitocin Afirka ta Yamma, sannan ta nemi gurbi a asibitin koyarwa. Samun gurbin kansa yakan ɗauki lokaci. Za ta yi wajen shekara 3 tana zagaya dukan sassan cututtukan manya, zuciya, ƙoda, huhu, ƙwaƙwalwa, ta ci jarrabawar kashi na ɗaya. Sai bayan nan ne za ta ce ga reshen da ta zaɓa, ta ƙara wajen shekara 3 da rubuta kundin bincike, ta ci kashi na biyu ta zama babbar likita mai cin gashin kanta. Daga aji biyar da take yanzu ki ƙiyasta shekara 10, kuma yajin aiki da faɗuwa jarrabawa kan ƙara a kai, domin gwanaye ma suna maimaitawa.

Wannan na nufin shawarar da kike tsoro ba yau za a yanke ta ba, da sauran shekaru. Ɗalibai da yawa da suka rantse mini a aji biyar cewa fanninmu za su yi, yau likitocin zuciya ne ko na mata.

Ba kuma wannan ce kaɗai ƙofar ba. Tana iya yin fannin yaran da kike so, sannan ta karkata ga cututtuka masu yaɗuwa na yara, kuma a ganina nan ne Arewa ta fi buƙata. Tana iya zama likitar ɗakin gwaji mai nazarin ƙwayoyin cuta, wadda ba ta cika kwanan asibiti ba. Tana iya bin fannin lafiyar al'umma ta yi aikin bin sawun annoba da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ko Hukumar Lafiya ta Duniya, sai dai wannan tafiye-tafiye ne da shi, wani lokaci har wuraren da ba tsaro.

Maganar kuɗi kuwa, gara ki ji daga bakina. Albashin gwamnati bai bambanta mu da sauran ƙwararru ba, amma mu ba mu da tiyata, ba mu da na'urar da ake biya a shiga, kuma marasa lafiyarmu galibi talakawa ne. Likitan ido ko na mata zai buɗe asibitinsa ya gina gida tun kana lissafin kuɗin makarantar yara. Ko a Amurka fanninmu na cikin masu ƙarancin samu. Kuɗin haɗari da ake bai wa ma'aikatan lafiya a ƙasar nan ya daɗe a naira 5,000 a wata kafin a ƙara shi, ki auna da kanki. Abin da ke cike giɓin shi ne bincike, koyarwa da aiki da ƙungiyoyin duniya, kuma a nan fanninmu ya fi yawancin fannoni dama.

A matsayinta na mace, shekarun wahala su ne ukun farko na horo, lokacin kwanan asibiti, kuma a daidai lokacin ne yawanci ake aure da goyo. Wannan haka yake a kowane fanni. Bayan ta ƙware, kiran dare a wurinmu bai kai na masu karɓar haihuwa da masu tiyata ba, da yawa ma ta waya ake gamawa. Idan tana da juna biyu ba a sa ta a ɗakin Lassa ko Ebola, domin cututtukan nan sun fi tsanani ga mai ciki, musamman a watannin ƙarshe. Wannan haƙƙinta ne, ta faɗa da wuri, kada kunya ta hana ta. Miji mai fahimta kuma ya fi komai tasiri a nan, na ga waɗanda aikinsu ya tsaya saboda wannan, na ga waɗanda ya ɗaga su.

Iyakar abin da zan iya cewa

Ba zan iya yi miki alkawarin cewa ba za a wayi gari da irin ranar Kenema a nan ba. Asibitocinmu suna da ranakun da safar hannu ke yankewa, ruwa ya ɗauke a famfo. Abin da nake koya wa ƙanana na shi ne ba jarumta ba ce shiga ɗakin killacewa babu kaya, kuma likitan da ya ce ba zai shiga ba sai an kawo bai yi laifi ba, domin idan ya kwanta marasa lafiya ɗari sun rasa mai duba su. Kuma shawara daga nesa ba ta maye gurbin zama da yarinyar. Ki tambaye ta abin da ya ja ta. Idan mutuwar gwarzo ce ta burge ta, wannan zafin ƙuruciya ne, zai huce, kuma gara ya huce. Idan kuwa ta ce miki tana jin daɗin zama da zazzaɓin da ya gagari kowa har ta gano kansa, tana da haƙurin tambaya, ba ta ƙyamar mai tari ko mai gudawa, to kayan aikin ke nan.

Ta nemi a tura ta sashen cututtuka masu yaɗuwa na wani asibitin koyarwa ta yi makonni tana bin su zagaye, ta zauna a asibitin tarin fuka da na ƙanjamau, ta ga ranakun da babu abin burgewa. Ta yi magana da mata da suka riga ta a fannin, ba maza irina kaɗai ba.

Kafin hutun nan ya ƙare kuma, ki tambaye ta ko ta yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ne cikin wata 6. Ɗalibai da yawa suna yin ta farko su manta da sauran. Idan ba ta yi ba, ko ba ta cika ukun ba, a fara gwada jininta a kuma yi mata kafin ta koma makaranta.